Matsayin Tsirrai Wajen Wanke Ramin Jijiyar Haƙori

Idan ruɓa ta kai ga jijiyar haƙori, likita kan cire jijiyar, ya wanke raminta da sinadarin haifokulorait. Shi wannan sinadari yana kashe ƙwayoyin cuta, yana narkar da ragowar nama, amma in ya zarce saiwa yakan ƙona naman da ke kewaye. Dalili ke nan da masana suka waiwayi darbejiya da tafarnuwa da itacen asuwaki. Gwaji bisa haƙoran da aka cire ya nuna ruwansu na rage ƙwayoyin cuta, sai dai bai kai haifokulorait narkar da nama ba, don haka bai gaje shi ba tukuna. Kanumfari kuwa, wanda Bahaushe kan cusa cikin kogon haƙori, tuni mansa ya shiga haɗin da likitoci kan liƙe ramin da shi.