Daga Kaduna Zuwa Kano A Jirgin Sama

In ka bar Magajin Gari ka kama hanyar Kaduna, za ka wuce Buruku. Kafin ka isa Mando akwai hanyar da ta ratse zuwa filin jirgin sama na Kaduna. Shi ne filin da ya fi kusa da mu nan Birnin Gwari, amma duk da haka ya fi kilomita 100 daga gida.

Akwai wani fili a Kano, ana ce da shi filin jirgin sama na Malam Aminu Kano. Shi ne mafi tsufa a Nijeriya. Tun cikin 1925 jirage uku na sojan Ingila suka taso daga Masar suka sauka Kano.

To, mene ne nisan da ke tsakanin filayen nan biyu? Ta sama kamar kilomita 200 ne. Ta ƙasa kuwa wajen 230, don hanyar mota ta biya ta Zariya, tana kauce wa dutse da rafi. Jirgi ba ruwansa da wannan, sai ya miƙe sosai kamar shaho.

Yanzu ku ɗauko fensir. Motar da ke cin kilomita 60 a sa'a ɗaya, sai ta yi kusan sa'a 4 kafin ta shiga Kano. Babban jirgi yana cin wajen 800 a sa'a ɗaya. Ashe ke nan minti 15 ya ishe shi? A'a. Ba da wannan gudu yake tashi ba, ba kuma da shi yake sauka ba. Hawa yake yi sannu sannu, kafin ya gama hawa lokacin gangarowa ya yi. Saboda haka sai ya yi kamar rabin sa'a ko ya ɗan ɗara.

Ga inda mutane ke ruɗewa. Ba a tsai da jirgi a bakin hanya kamar motar haya. Daga cikin garin Kaduna zuwa fili, rabin sa'a ne ko fiye. Dole ka riga jirgi da sa'a guda, a duba takardarka, a auna kayanka. In kun sauka, ka jira kaya, ka nemi abin hawa zuwa cikin birni, wani rabin sa'a. Ku tara duka, ya kusa sa'a 3. Ribar ba ta wuce sa'a guda da 'yan mintoci ba, kuɗin kuwa ya ninka na mota sau da yawa. Ni dai ba zan sayar da buhun masarata saboda wannan ba.

Tafiya mai nisa ita ce gonar jirgi. Daga Kaduna zuwa Jidda ya fi kilomita 3,000. Kakanninmu da suka tafi Makka a ƙasa ta Chadi da Sudan, waɗansu sai da suka shekara bisa hanya. Maniyyacin da ya tashi daga Kaduna da hantsi, kamar sa'a 5 zai yi a sama, ya kwana ƙasar Saudiyya.