Masu Sayar da Dashe a Kasuwannin Birnin Kudu da Gwaram

Da zarar ruwa ya zauna, wajen ƙarshen Yuni zuwa cikin Yuli, akwai wasu 'yan kasuwa da ke ɓullowa a kudancin Jigawa waɗanda ba a cika ganinsu da rani ba. Ba su da rumfa. Gindin wata inuwa suke samu a bakin kasuwa, kusa da masu fartanya da masu irin shuka, su jera ƙananan baƙaƙen ledoji cike da ƙasa, kowace da ɗan tsiro a cikinta. Wani ya ɗauko nasa a amalanke tun da asuba, wani ya ɗaure kwando a bayan babur, mai ƙarfi kuma ya yi shatar a-kori-kura. Haka za ka tarar da su ranar kasuwa a Birnin Kudu da Babaldu, da Sara ta ƙasar Gwaram, da bakin titin da ya nufi Ningi.

Wannan sana'a ta fi kama ƙasa a nan saboda ruwa. Kudancin jihar ya fi arewacinta samun damina, ga fadamu, ga kogin Bunga da ya ratsa ƙasar Gwaram, ga ƙasa mai riƙe danshi a gindin duwatsu. Mai lambun da ke da rijiya yana iya cika leda tun cikin sanyi, ya yi watanni yana ban-ruwa safe da yamma, kafin ya ga ko sisin kwabo. Jarinsa ƙwallon mangwaron da yara suka sha suka yar, da takin shanu, da ƙarfin kafaɗarsa.

Masu saye kuwa kowa da abin da ya kawo shi. Wanda ya gama ginin gida, darbejiya yake fara tambaya, don ba ta da tsada, ba ta gudun fari, kuma cikin 'yan shekaru za ta ba shi inda zai shimfiɗa tabarma a ƙofar gida. Yaro ya tashi ya gan ta a kowane lungu sai ya ɗauka ta kaka da kakanni ce, alhali daga yankin Indiya ta fito, kuma a shekarar 1928 aka fara dasa ta a ƙasar Borno. Mata sukan aiko a sayo musu zogale da gwanda da lalle, abin da za a tsinka a tsakar gida ba sai an nemi kuɗin cefane ba. Shugaban makaranta yana neman guda talatin ko hamsin na jeri. Mai gona a bakin fadama yana son bishiyar turare, ya sare bayan 'yan shekaru ya sayar wa masu rufin ɗaki.

Amma inda ciniki ke zafi shi ne wajen mangwaro. Akwai na ƙwallo, akwai mai aure, kuma kuɗinsu ba ɗaya ba ne. Na ƙwallo sai ya shekara biyar zuwa takwas bai yi 'ya'ya ba, in ya yi ma ba lallai ya gaji uwarsa ba. Mai aure, wato wanda aka yanko reshen itace mai kyau aka ɗaura a kan ɗan tsiro, yana iya fara bayarwa a shekara ta uku ko ta huɗu, kuma irin da aka ɗaura shi zai haifa. Shi ya sa mai saye ke tsugunnawa.

"Malam, wannan mai aure ne kuwa?"

"Ranka ya daɗe, duba gaɓar da kanka. Binta siga ce."

Sai mai sayen ya sa babban yatsa ya shafa wurin da aka haɗa, ya ga ko tabon ya warke, ya ga ko sabon ganyen daga saman haɗin ya fito. Ya ɗaga ledar ya leƙa ƙasanta, don in saiwa ta huda ta kama ƙasa aka tsinke ta da safen nan, dashen zai yi yaushi kafin a kai gida. Sannan ya taya. A ce albarka, ya ƙara, a sallama, a ɗora masa gwaiba ɗaya gyara.

Ni a ganina babu cinikin da ya dogara da amana a duk faɗin kasuwa kamar wannan. Wanda aka sayar wa ruɓaɓɓen tumatir zai gane kafin magariba. Wanda aka sayar wa dashen ƙarya sai ya yi shekara huɗu yana jan guga kafin ya san an cuce shi. A dabino abin ya fi tsanani, domin akwai namiji akwai mace, kuma wanda aka tsiro daga ƙwallo ba a rarrabe shi sai ya yi fure. Mutum na iya rainon itace biyar, uku su fito maza. Masu sani sukan nemi ɗan da aka ɓamɓaro daga gindin uwa mai haihuwa, ko su tafi Dutse, inda cibiyar binciken kwakwar manja ta ƙasa, NIFOR, ke da reshen da ke aikin dabino. Saboda haka mai dashen kirki ba ya sauya gindin inuwa. Yana nan inda aka san shi, ana kiran sunan garinsu tare da nasa, kuma wanda ya sha mangwaronsa shi ke turo masa maƙwabci.

A wasu ƙasashen ma ana cinikin itacen kaiwa gida, amma a watan Disamba, kuma sararre ake saye. Bishiyar Kirsimeti al'ada ce da ta taso a ƙasar Jamus wajen ƙarni na 16, ta bazu a Ingila bayan da wata jarida ta buga zanen Sarauniya Biktoriya da iyalinta kewaye da ita a 1848. Tun 1947 birnin Oslo ke aika wa Landan da ƙatuwa guda kowace shekara, godiyar taimakon da aka yi wa Norway a Yaƙin Duniya na Biyu. A Amurka ana sayar da miliyoyi duk shekara, daga gonakin da ba a noma komai a cikinsu sai ita, kuma kowace takan ɗauki kimanin shekara bakwai kafin ta isa sara. Mai saye yana girgiza ta ya ga ko ganye na zuba, ya ɗaure a saman mota, in ya isa gida ya ɗan yanke gindin don ta iya shan ruwa, ya kafa ta a mazubi nesa da wuta, yana ƙara mata ruwa kullum. Bayan 'yan makonni a fitar da ita.

Irin wannan itace na ƙasashen sanyi ba ya yi a zafinmu. Kiristocin da ke zaune a Birnin Kudu, ma'aikatan Cibiyar Lafiya ta Tarayya da malaman makaranta da 'yan kasuwa, wanda ke son ƙawata ɗakinsa yakan sayo bishiyar Kirsimeti ta roba daga Sabon Garin Kano, a naɗe ta bayan biki a ajiye sai baɗi. Hidimar bikin ta fi tafiya a shinkafa da kaji da ɗinkin yara, da kwanon abincin da ake miƙa wa maƙwabta. Ba na ganin laifin mai sayen sararriya a Turai, tunda nomanta ake yi, a sare a sake dasawa. Sai dai ƙasarmu ba ta da rarar da za ta yi haka. Itacen da ya shiga gida a nan dole ya shigo da saiwarsa.

Kuma watan na Disamba shi ne jarrabawar duk abin da aka saya a Yuli. Dasawa ba ta da wuya: a haƙa rami ya kai kamu biyu zurfi da faɗi, a gauraya ƙasar sama da takin da ya riga ya ruɓe, a tsaga ledar a cire ba tare da an farfasa ƙasar ba, a sa dashen da yamma, a bar gaɓar auren a sama, a danne, a ba shi ruwa. Marka za ta yi sauran aikin. Wahalar tana zuwa ne bayan an kawar da amfanin gona an saki dabbobi. Ciyawa ta bushe, koren abu ɗaya da akuya ke gani a unguwa shi ne ɗan mangwaron nan. Wanda bai kewaye nasa da ƙaya ko tubali ko tsohon kwando ba, ya yi wa akuya sayayya. Gara na bin ɗanyen taki ta cinye saiwa ta ƙarƙashi, iskar hunturu na busar da ganye ta sama, kuma daga nan har ruwan fari sai an ɗauki bokiti. A gidaje da yawa yara da mata ne ke wannan aiki, ruwan alwala da na ɗauraye kwano ake juyewa a gindin, kuma su ne suka fi cancanta da yabo in itacen ya rayu.

A nan ne nake ganin darajar mai sayarwa. Jigawa na cikin jihohi 11 da shirin Babbar Koriyar Ganuwa ya shafa, wanda Tarayyar Afirka ta amince da shi a 2007, kuma hukumomi sukan raba dashe kyauta da damina. Abu ne mai kyau. Amma wanda ya zaro kuɗi daga aljihunsa ya zaɓi guda biyu da hannunsa ya fi saurin nemo ƙaya fiye da wanda aka miƙa wa goma a wurin taro. Da za a riƙa sayen wani kaso na dashen rabo daga hannun masu lambun ƙauye, a koya wa matasansu auren dashe, da sana'ar ta tsaya da ƙafarta.

Abin da ke damuna shi ne abin da babu a jerin ledojin. Da wuya ka ga ɗorawa, ko kaɗanya, ko tsamiya, ko kanya. Mai dashe zai ce ba a tambaya, mai saye zai ce wa zai jira shekara goma sha. Alhali daddawar da ke cikin miyar kowane gida daga kalwar ɗorawa take, kuma manyan da ke tsaye a gonakin Gwaram da Birnin Kudu tsofaffi ne, masu gawayi da masu faskare na rage su, ƙananan da za su gaje su kuwa garma da dabbobi ba sa barinsu. Kalwa ba ta da wuyar tsirowa in an jiƙa ta, ledar ma iri ɗaya ce da ta mangwaro. Mai lambu ba zai cika ta ba sai ya ji mutum biyu ko uku sun tsaya a gabansa ranar kasuwa sun tambaya.