Mutuwar Haƙori da Magungunanta: Kwatanci Daga Kucheri da Kewayenta

1.0 Gabatarwa

Idan mutum ya sha ɗanyen mangwaro ko ya tsotsi tsamiya, sa'an nan ya kasa tauna tuwo, Bahaushe yakan ce haƙoransa sun mutu. Wannan mutuwa ta yini ɗaya ce. Amma akwai wadda ke zama da mutum wata da watanni, ta yadda da ya kurɓi ruwan randa, ko ya kurkure baki wajen alwalar asuba a cikin hunturu, sai ya ji wani zugi mai kaifi ya soke shi, ya ɗauke nan take. Ita ce abin nazarinmu a wannan takarda. Za mu kwatanta magungunan da ake yi mata, muna la'akari da halin mutumin Kucheri da sauran garuruwan ƙasar Tsafe da Bunguɗu, wanda galibi sai ya yi tattaki zuwa Gusau kafin ya ga likitan haƙori.

Abin da ya sa muka ga batun ya cancanci zama a gaban wannan taro shi ne, sau da yawa ƙarshen irin wannan haƙori cirewa ne a hannun masu cire haƙori na kasuwa, alhali kuwa lafiyayye ne, babu tsutsa ko kogo a jikinsa.

2.0 Inda zugin yake fitowa

Haƙori hawa uku ne. Akwai farin ɓawo mai tauri a waje, wanda ba ya jin komai. Ƙarƙashinsa akwai ƙashin haƙori, can ciki kuma akwai ɓargo inda jijiyoyi suke. Shi ƙashin nan cike yake da siraran kafofi masu ruwa a ciki, waɗanda suka taso daga ɓargo suka nufo waje. Yawansu yakan kama daga kimanin 20,000 zuwa 45,000 a cikin murabba'in milimita guda. Muddin ɓawo da dasashi sun rufe bakunansu, babu abin da ke faruwa.

Wani masani ɗan ƙasar Suwidin, Martin Brännström, shi ne ya yi bayanin da aka fi amincewa da shi, tun cikin shekarun 1960. A cewarsa, idan bakin kafofin ya buɗe, sanyi ko iska ko zaƙi sai su motsa ruwan da ke ciki, motsin ruwan kuwa shi ke taɓa jijiya. A shekarar 1987 Absi da Addy da Adams, a Birtaniya, suka duba haƙoran da aka cire, suka tarar masu zugin sun fi marasa zugi yawan buɗaɗɗun kafofi kamar sau 8, faɗin kafofin kuma ya kusa ninki biyu. Malaman lissafi da ke cikinmu sun san cewa idan faɗin bututu ya ninka sau biyu, ruwan da zai bi ta cikinsa sau 16 yake ninkawa. Ashe ke nan 'yar ƙaramar toshiya tana iya kawo sauƙi mai yawa.

Abubuwa biyu ke buɗe kafofin, watau tsami da gurza. Tsamin da ya sauka ƙasa da 5.5 a ma'aunin tsami yana tausasa ɓawon haƙori, kuma kunun tsamiya da soɓorodo da lemun tsami da lemun kwalba duk sun sauka ƙasa da haka. Gurza kuwa ta buroshi mai tauri ce, ko gawayi da toka da wasu ke dirzawa don haƙora su yi fari. Dangane da asuwaki, ya kamata mu yi magana da adalci. Sunna ce, tsafta ce, kuma ko na marke ko na darbejiya aka yi, yana fidda dattin haƙori sarai. Sai dai wani bincike da Eid da abokansa suka buga a 1991 a kan mutanen Saudiyya ya nuna cewa janyewar dasashi ta fi yawa ga masu asuwaki. Laifin a hannu yake: mutum ya wuni da busasshen icce a baki yana zuga shi a kwance, wuri guda, shekara da shekaru.

3.0 Magungunan da ke lallashin jijiya

Magungunan duka sun kasu gida biyu, masu lallashin jijiya da masu toshe kafa. A gida na farko, wanda ya fi shahara shi ne gishirin fotasiyam naitiret, wanda Milton Hodosh na Amurka ya gabatar a 1974. Ana sa kashi 5 cikin 100 nasa a man goge baki, kamar yadda yake a wasu nau'o'in Sensodyne. Abin da ake zato shi ne, fotasiyam yana ratsa kafofin ya taru a gefen jijiya, ya hana ta aika saƙon zafi. Yana bukatar haƙuri, domin sai an yi mako 2 zuwa 4 ana gogawa safe da dare kafin a ji bambanci, da an daina kuma zugin yakan dawo, tun da ƙofar tana nan a buɗe. A 2006 ƙungiyar Cochrane ta tattara gwaje-gwaje 6 da aka yi a kansa, ta ce babu bayyananniyar hujja da ke goyon bayansa. An ga sauƙi lokacin da likita ya busa wa haƙori iska, amma da aka tambayi masu ciwon su da kansu, bambancin bai taka kara ya karya ba.

A wannan gida za mu sa kanumfari, wanda iyayenmu mata suka daɗe suna danna wa haƙori. Man da ke cikinsa yana kashe zafi da gaske, har likitocin haƙori suna amfani da shi a wasu kayan cikonsu. Amma aikinsa na 'yan sa'o'i ne, idan kuma aka yawaita yana ƙona dasashi. Ƙwayar asfirin da wasu ke ajiyewa a gindin haƙori ta fi shi ɓarna, don gyambo take yi, ba ta kuwa kai ga jijiyar.

4.0 Magungunan da ke toshe kafa

A nan ne aka fi samun ci gaba. Sensodyne na farko, wanda ya fito a 1961, da sitironsiyam kulorayid kashi 10 cikin 100 aka yi shi, da nufin toshiya. Daga baya aka sami waɗanda suka fi shi. Akwai fulorayid mai haɗe da kuza, wanda ke shimfiɗa wani siririn rufi a bakin kafofin, rufin da ke ɗan jure tsami, ga shi kuma yana kare haƙori daga ruɓewa. Aibinsa shi ne yakan bar ɗan dafi a haƙoran wasu, abin da mai cin goro zai fi lura da shi. Akwai arjinin kashi 8 cikin 100 haɗe da sinadarin alli, wanda ya samo asali daga binciken Israel Kleinberg a kan yawu, kamfanin Colgate kuma ya fito da shi kasuwa wajen 2009. Shi wannan kwaikwayon aikin yawu yake yi, domin yawu da kansa yana toshe kafofin a hankali. Ana shafa shi da yatsa a wurin zugin na minti 1. Sai kuma NovaMin, garin wani gilashi da Larry Hench ya ƙirƙiro a 1969 don gyaran ƙashi, wanda idan ya haɗu da yawu yake zubar da ma'adinai irin na haƙori.

Dole mu yi wata 'yar togaciya a nan. Da yawa daga gwaje-gwajen waɗannan mayuka kamfanonin da ke sayar da su ne suka biya kuɗinsu. Haka kuma, a irin wannan ciwo, mutanen da aka ba man da babu magani a ciki su ma sukan ce sun sami sauƙi. Duk da haka, bisa ga abin da ya taru, a ganinmu masu toshiya sun fi tsayawa a kan hujja, domin sun tunkari tushen abin.

Wanda ya kai kansa asibiti, alal misali sashen haƙori na Cibiyar Lafiya ta Tarayya da ke Gusau, mataki na gaba shi ne abin da likita ke shafawa da hannunsa. Mafi sauƙi shi ne shafen fulorayid mai danƙo irin su Duraphat, wanda ƙarfinsa ya kai kashi 22,600 cikin miliyan, alhali man goge baki na yau da kullum bai wuce 1,000 zuwa 1,450 ba. Minti kaɗan ake yi, babu allura, amma yana gogewa, sai an maimaita bayan 'yan watanni. Gluma kuwa daskarar da ruwan cikin kafofin yake yi, ya fi daɗewa, sai dai yana ƙuna idan ya taɓa dasashi. Inda gurza ta riga ta sassaƙe gindin haƙori ta yi masa gurbi, ciko ne magani. Hasken leza ma ana amfani da shi a manyan birane, amma tsadarsa ta fitar da shi daga lissafinmu.

Idan muka ɗora waɗannan a kan mizanin mutumin Kucheri, wanda kowace tafiya Gusau kuɗin mota ce da asarar yinin gona, ga kuma halin da hanya take ciki, maganin da ke bukatar komawa asibiti bi da bi ya zama na biyu ko da ya fi ƙarfi. Na farko shi ne man toshiya, safe da dare, da buroshi mai taushi, a tofar bayan gogawa ba tare da kurkurewa ba, don maganin ya zauna. Tare da shi a bar gawayi da toka, a jiƙa asuwaki ya yi laushi, a riƙa goga shi daga dasashi zuwa bakin haƙori. Wanda ya sha tsami ya kurkure da ruwa, ya dakata kamar rabin sa'a zuwa sa'a guda kafin ya goge, domin a lokacin ɓawon yana da taushi. In ba a yi wannan ba, abin da mai ya toshe da safe, soɓorodon rana zai buɗe shi.

Akwai haɗari guda da ya kamata malaman kiwon lafiya a makarantunmu su koya wa ɗalibai. Ruɓewar haƙori da tsagewarsa sukan fara da irin wannan zugi, man lallashin jijiya kuwa yana iya rufe alamar har ɓarna ta kai ɓargo. Zugin mutuwar haƙori gajere ne, yana zuwa da sanadi, yana tafiya da tafiyar sanadin. Amma wanda ya ci gaba bayan an haɗiye ruwan, ko ya tashi mutum daga barci, ko ya zo da kumburi, ko ya tsananta da shan shayi mai zafi, wannan ba na mai ba ne. Haka kuma idan an yi mako 4 ana goga man babu canji, tafiyar Gusau ta wajaba.