Diyyar Dabbar Aiki: Abin da Doka Ta Tanadar wa Mai Ita

Manomin da aka sare wa san huɗa a farkon damina ba sa ɗaya kaɗai ya rasa ba. Garma ba ta tafiya sai da shanu biyu, saboda haka ɗayan ma ya zauna, gona kuwa ba ta jira. Haka abin yake ga mai jakin da ke ɗauko itace ko yashi, da mai raƙumin fatauci. Mutane da yawa suna tsammani idan aka kai irin wannan magana kotu iyakarta a ɗaure mai laifi ko a ci shi tara, mai dabba ya koma gida hannu wofi. Ba haka doka ta ce ba.

Tara daban, diyya daban. Kuɗin tara baitulmalin gwamnati yake shiga. Diyya kuwa kuɗi ne da alƙali zai umurci mai laifi ya biya wanda ya cuta. Dokar Final Kod, wadda ta fara aiki a Arewa cikin 1960, ta ba kotu wannan iko a sashe na 78: ana iya sa wanda aka samu da laifi ya biya diyya, ko dai a haɗa masa da wani horo, ko kuwa diyyar ta tsaya a maimakon horon. Kashe dabbar wani ko nakasa ta da gangan yana cikin laifin ɓarna a wannan doka. A jihohin Kudu, sashe na 450 na dokar Kiriminal Kod ya tanadi ɗaurin shekara 7 ga wanda ya kashe ko ya raunata doki, jaki, alfadari, raƙumi ko sa da gangan ba bisa doka ba. A 2015 kuma aka kafa dokar gudanar da shari'ar laifuffuka ta Tarayya, wadda ke aiki a Abuja da kotunan Tarayya, sashenta na 319 ya sake tabbatar da ikon ba da diyya. Jihohi da dama sun sabunta dokokinsu, don haka lambar sashe takan bambanta daga jiha zuwa jiha.

Amma alƙali ba ya yanka diyya da ka. Nan ne masu dabbobi suka fi yin sakaci. Wajibi ne mai dabba ya kai rahoto ga 'yan sanda nan da nan, ya sanar da mai unguwa ko dagaci, ya kuma nemi likitan dabbobi ya duba raunin ya rubuta takarda tun ba a yanka dabbar ko an binne ta ba. Ya adana rasiɗin magani. Idan da hali ya kawo dillalin kara wanda ya san farashin irinta a kasuwa a wannan lokaci, domin san da aka hore shi ya iya garma ya fi ɗanyen sa daraja, kuma kotu ba za ta san haka ba sai an faɗa mata. Ya gaya wa mai gabatar da ƙara tun da wuri cewa yana neman diyya, ya bayyana aikin da ya tsaya da kuɗin hayar da ya kashe. Yawan abin da za a ba shi yana hannun alƙali. In diyyar ta gaza, yana iya shigar da ƙarar neman hakki daban, sai dai kotu za ta lissafa abin da aka riga aka biya shi.

Akwai wata hujja da aka saba ji: wai dabbar ce ta shiga gona ta yi ɓarna. Mai gona yana da hakkinsa, zai iya kai kuka a kimanta amfanin da aka ci a biya shi. Amma in ya ɗauki adda ya sare wa jaki agara, ko ya zuba guba, to ya mai da kansa mai laifi, kuma abin da za a ce ya biya yana iya ninka kuɗin dawar da jakin ya ci.