Yadda tukunya ɗaya za ta wadatar da mai hawan jini, mai ciwon sukari da ƙananan yara

A gidaje da dama, uwargida kan yi girki ne domin maigida mai hawan jini, suruka mai ciwon sukari da kuma yaron da bai daɗe da fara cin abinci ba. Ɗora tukunya uku kullum na cin kuɗi da makamashi, shi ya sa sau da yawa mara lafiya kan haƙura ya ci abin da kowa ya ci, ciwon kuma ya ci gaba da yi masa illa. Mafita mai sauƙi ita ce a yi girki ɗaya, amma a raba shi kafin a kammala.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada babban mutum ya kai giram 5 na gishiri a rana, wato ƙasa da ƙaramin cokali ɗaya. Dunƙulen magi da kanwa su ma suna ɗauke da sinadarin sodiyam, wanda yawansa ke ƙara hawan jini. Don haka a dafa miyar kuka ko kuɓewa da daddawa, albasa, citta da tafarnuwa, a ɗebi ta mai hawan jini, sannan a ƙara wa sauran ɗanɗano.

Shi kuwa mai ciwon sukari, abin lura shi ne yawan abin da aka zuba masa. Rabin farantinsa ya zama ganye, kamar zogale ko alayyafo, kashi ɗaya cikin huɗu wake, kifi ko nama, ragowar kuma tuwo ko shinkafa. Ko tuwon acha ne, idan ya yi yawa zai ɗaga sukarin jini. Kunu da zoɓo kuwa a dama su babu sukari, kowa ya sa nasa a kofi.

Yaron da ya cika wata 6 za a iya ɗebar masa kafin a zuba gishiri da barkono, a murƙushe sosai. Zuma dai ba a ba wa wanda bai cika shekara ɗaya ba.

Wannan tsari ba ya maye gurbin magani. Mai ciwon ƙoda, musamman, ya tuntuɓi likita kafin ya sauya abincinsa, domin wasu ganyayyaki da wake na iya yi masa yawa.