Murar Tsuntsaye da Baƙin da Ke Sauka a Fadamunmu

Kowace shekara, da zarar damina ta ɗauke, dubban tsuntsaye sukan taso daga ƙasashen Turai da Asiya don gudun sanyi, su ƙetare hamadar Sahara, su sauka a fadamun Afirka ta Yamma. Babban masaukinsu a Nijeriya shi ne fadamar Haɗejiya da Nguru, a jihohin Jigawa da Yobe. A can sukan tarar da tsuntsayen gida irin su dinya da kirinjijiya da zalɓe, su yi kiwo tare har wajen watan Maris, sa'an nan su koma. To, kamar yadda baƙo yakan zo da alheri, haka kuma wani lokaci yakan zo da ciwo. Wannan ne ya sa likitocin dabbobi suke sa ido a kansu.

Ciwon da ya fi damun masana shi ne murar tsuntsaye. Ƙwayar cutar tana da iri-iri, ana bambanta su da haruffa da lambobi, kamar H5N1 da H5N2. Yawancinsu masu sauƙi ne. Sukan zauna a hanjin agwagin daji ba tare da sun kayar da su ba, su fita tare da kashi, su shiga ruwa, wani tsuntsu ya sha ya ɗauka. Matsala takan taso ne idan irin H5 ko H7 ya shiga inda aka cunkushe kaji da yawa. A nan ƙwayar takan iya sauya hali ta zama mai tsanani, ta hallaka garken kaji cikin 'yan kwanaki.

An fara gano H5N1 mai tsanani a jikin dinyar gida a kudancin ƙasar Sin a 1996. A 1997 ta kama mutum 18 a Hong Kong, 6 suka rasu. A 2005 ta kashe tsuntsayen daji fiye da 6,000 a tafkin Qinghai na ƙasar Sin. A watan Fabrairu na 2006 aka tabbatar da ita a wata gonar kaji a Jaji, jihar Kaduna, kuma wannan ne karo na farko da aka tabbatar da ita a nahiyar Afirka. Manoma sun yi asarar kaji masu ɗimbin yawa, a farkon 2007 kuma wata mata ta rasu a Legas.

Ta yaya ake wannan bincike? Masana sukan kafa raga a bakin ruwa su kama tsuntsaye da ransu. Sukan shafo majina daga maƙogwaro, da kashi daga dubura, da ɗan tsinke mai auduga, su ɗebi jini kaɗan, su saki tsuntsun. Ana adana samfurin cikin sanyi mai tsanani har a kai shi ɗakin gwaji. A Nijeriya wannan aiki yana hannun Cibiyar Binciken Lafiyar Dabbobi ta Ƙasa da ke Vom, kusa da Jos, wadda aka kafa a 1924. A can akan zuba samfurin cikin ƙwan kaza mai kwana 9 zuwa 11 da fara ƙyanƙyasa, domin in da ƙwayar a ciki ta hayayyafa a gane ta. Akan kuma karanta tsarin halittarta don a san danginta da inda ta fito.

Ta haka aka gane cewa cutar 2006 ta shigo Nijeriya ta hanya fiye da ɗaya, kuma cinikin kaji daga gari zuwa gari ya taimaka ƙwarai wajen baza ta. A 2007 kuma masu bincike suka sami H5N2 mai alamun tsanani a jikin dinya da kirinjijiya a fadamar Haɗejiya da Nguru, alhali tsuntsayen suna cikin ƙoshin lafiya. Sun ɗaura wa kirinjijiyar wata ƙaramar na'ura da tauraron ɗan adam yake bi, suka ga ta rayu makonni, ta yi tafiyar ɗaruruwan kilomita har cikin ƙasar Chadi. Ashe tsuntsu yana iya ɗauke da cuta ya kai ta nesa ba tare da ya nuna alama ba.

Mai karatu zai iya cewa, to, a kashe su mana a huta. Masana sun ce a'a, kuma Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta ba da shawarar kada a yi haka. Harbi yakan tarwatsa tsuntsayen ne su kai cutar wasu wurare. Ban da haka su ma ciwon yana cin su: a watan Janairu na 2021 kwasakwasa kusan 750 suka mutu a gandun tsuntsaye na Djoudj a ƙasar Senegal. Magani shi ne a raba tsakanin na gida da na daji.

A nan ne namu aikin yake. Yawancinmu muna da kaji ko agwagi ko zabi a gida, wasunmu ma da kuɗinsu ake biyan kuɗin makaranta. Kada mu bar su su yi kiwo a tafkin da tsuntsayen daji suke sauka. Idan mun sayo sabuwar kaza daga kasuwa, mu ware ta kamar mako biyu kafin mu haɗa ta da sauran. Idan mun ga tsuntsaye sun mutu da yawa a bakin ruwa, kada mu taɓa, balle mu fige mu ci. Mu sanar da ofishin likitan dabbobi mafi kusa. Mu kuma wanke hannu da sabulu bayan mun taɓa kaji.

Ubangiji da ya halicci tsuntsayen sama ya danƙa mana amanar kula da su, kuma riƙon amana yana bukatar ilimi. Ɗalibanmu masu son kimiyya su tuna cewa waɗanda suke aiki a Vom yau, su ma a aji irin namu suka fara. Allah ya ba mu hikimar kula da abin da ya sa a hannunmu. Amin.