Mai Amosanin Jini Da Shiga Jami'a

Daga cikin samari da 'yan mata masu neman shiga jami'a kowace shekara akwai masu amosanin jini, watau sikila. Ciwon gado ne daga uwa da uba, ba sammu ba ne, mai shi kuwa yana ɗaukar karatu kamar kowa.

Babbar ƙofar shiga ita ce jarrabawar JAMB, hukumar da aka kafa a 1978. Darussa 4 ne, maki 400, tun 2015 kuma a kan kwamfuta ake yin ta. Ana kuma neman kiredit 5 daga WAEC, ko NECO, ko NBAIS ta makarantun Arabiyya.

To, amma wuyar ba ta nan. Tana wajen zaɓen gari. Falke ba ya ɗaura kaya sai ya san rijiyoyin hanya, haka ya kamata uba ya fara tambayar asibiti kafin ya tambayi sunan makaranta. Sanyi, da ƙishirwa, da zazzaɓin sauro, da gajiya mai tsanani su ke tayar da ciwon, in ya tashi kuwa cikin dare ba ya jiran gari ya waye. Kano tana da asibitin koyarwa na Aminu Kano, Zariya tana da na Shika, Sakkwato tana da na Usmanu Ɗanfodiyo. Garin da ke da irin wannan asibiti, da ɗan'uwan da zai yi jinya, ya fi makaranta mai suna wadda ke nesa da dangi. Mai nufin Jos kuwa sai ya tuna da hunturunta.

Babban kuskure shi ne ɓoyewa. Waɗansu iyaye sukan hana yaro faɗa, don tsoron kada a mayar da shi gida, ko maganar ta ɓata masa aure nan gaba. Alhali sa'ad da ake rajista akan gwada jinin sababbin ɗalibai. Gara ya je da takardar likitansa, ya buɗe kati a asibitin makaranta, ya roƙi ɗaki a bene na ƙasa kusa da famfo. Ya riƙe gidan sauro, da bargo, da magungunan da likita ya ɗora shi a kai, kada su yanke. Abokin ɗakinsa ma lalle ya sani, domin shi zai fara jin nishinsa.

In ciwo ya kwantar da shi ran jarrabawa, shaidar asibitin makaranta ita malamai za su nema kafin su sake ba shi dama.